Daga Kano zuwa Panteka neman tankin tsohon babur

Bayan sallar asuba muka bar Kano zuwa Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, ni da bakaniken da ke haɗa babur ɗin. Kayanmu buhu ɗaya ne: tef na awo, tocila, maganaɗisu, alli, tsohon famfon mai, robobi biyu na gaban tanki, da kwalin da muka yanka. Babur ɗin Honda CG125 ne na ƙarshen shekarun 1970, irin mai batirin bolt 6. A 1975 Honda ta fara fitar da wannan samfuri, ta yi masa inji mai jure wahala saboda ƙasashen da ba a cika yi wa mashin juyen mai a kan kari ba. Shi ya sa har yau ake samun injinsa da rai, amma tankinsa ya mutu. Namu ƙasansa ya ruɓe ta ɓangaren hagu, inda ruwa ke kwanciya idan babur ya shekara a jingine.

Sababbin tankuna ba su da wuya, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ma ga su nan jibge. Matsalar ita ce an kwaikwayi CG125 a masana'antu da yawa, kuma Honda kanta ta ƙera shi a Japan da Brazil da wasu wurare, siffar tana canzawa daga shekara zuwa shekara. Daga sama duk kamarsu ɗaya. Daga ƙasa ake gane tanki.

Don haka kafin mu taso sai da muka yi awo uku a jikin shasi. Na farko faɗin da ke tsakanin robobin nan biyu masu kama da faifai da ke kusa da wuyan babur, waɗanda kunnuwan tanki ke shiga. Na biyu nisa daga tsakiyar robobin zuwa inda gindin tanki ke zama a ƙarƙashin sirdi. Na uku shi ne kwalin: mun yanka shi daidai da siffar ƙashin bayan shasi, har da kwayil da damin wayoyin da ke bi ta wajen, domin ramin cikin tanki dole ya haɗiye su duka ba tare da ya goge su ba. Mun kuma rubuta lambar shasi da ke buge a wuya. A tsarin lambobin Honda, tanki yana farawa da 17500, famfon mai da 16950, murfi da 17620, sai lambobi uku na tsakiya su nuna samfurin. Wannan yana da amfani idan an ci karo da kaya a kwalinsa na asali. Tsohon tanki kuwa babu abin da zai gaya maka sai awo.

Tafiyar ta haura kilomita 200. Muka wuce gonakin shinkafa na Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari, muka karya kumallo a Zariya, sannan Jaji da Mararrabar Jos. Kafin azahar mun shiga Kaduna ta Kawo.

Tun kafin ka ga Panteka kunnenka ya riga ya isa: guduma a kan ƙarfe, ƙarar injin yanka, masu zuba tukwanen alminiyam, masu walda kowa da tabaransa. Aka nuna mana rumfar wani dattijo can ciki, ya rataye tankuna a waya kamar ƙwarya a kasuwar ƙauye. Muka gaisa, na faɗa masa abin da ya kawo mu.

“Kun zo da awo, ko da ido za ku saya?”

“Da awo muka zo, Baba.”

“To madalla. Ku sauke duk wanda kuke so.”

Na farko da muka sauke ja ne mai sheƙi, da tambarin Honda a gefe. Da muka kife shi, kunnuwansa sun fi namu matsewa da kusan faɗin yatsa, kuma kwalin ya ƙi shiga ramin. Tambari da sukurori biyu ake ɗaura shi, kowa na iya sauya shi, don haka ba shaida ba ne. Irin wannan tanki ne ake danna shi da ƙarfi, a buɗe kunnuwan da guduma, bayan wata biyu girgiza ta tsaga waldar kunnen, mai ya fara tsattsafowa a kan inji mai zafi.

Na biyu awonsa ya yi. Sai bakanike ya bi jikinsa da maganaɗisu a hankali. A sama yana kamawa ƙam, da ya gangaro gefen dama sai ya sulale ya faɗi. An cike lotsawa da fila an yi fenti a kai, kuma ba a san abin da ke ƙarƙashi ba. Ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa ma yana nunawa: ƙarfe yana amsawa, fila kuwa shiru.

Na uku shi ne mafi muni a ido, fentinsa ya ƙoƙe, ga ƴar lotsawa kusa da murfi. Amma robobinmu sun shige kunnuwansa cif, kwalin ya zauna, nisan baya ya yi daidai. Bakin famfon yana hagu inda ya kamata, kuma notin tsohon famfonmu ya hau da hannu har ƙarshe. Wannan gwajin ba a tsallake shi, domin zaren wasu bakunan milimita 14 ne, wasu 16, wasu tsofaffin Honda kuma da sukuru ake ɗaure famfonsu. Noti da ya fara cijewa a zagaye na biyu ba naka ba ne, kada a sa masa sifana. Muka haska tocila ciki. Tsatsa ce ja mai laushi kamar garin barkono, ba mai ɓamɓarowa ba. Bakanike ya bi layin haɗin ƙasa yana dannawa da bakin sukundireba, ko'ina da ƙarfi.

Kafin mu biya, Baba da kansa ya ce a gwada yoyo. Muka toshe bakin famfo, muka goga alli a duk layukan haɗi, aka zuba kalanzir lita biyu ana jujjuyawa. Kalanzir yana bin ramin da ruwa ba zai bi ba, kuma alli yana yin duhu nan take. Bayan kamar rabin awa wani ɗigo ya fito a gindin kunnen hagu, bai kai ƙwayar gero ba. Wasu da iska suke gwadawa da ruwan sabulu. Idan haka ne, famfon keke ya isa, bugu biyu ko uku. Iskar mai faci tana kumbura tanki ta buɗe ramin ƙasa, shi ke nan ya daina zama a shasi.

Toshe ramin da dalma aka yi, da ƙarfen da aka gasa a gefe, ba a kawo harshen wuta kusa ba. Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko ya shekara a bushe, tururin da ya maƙale a lungunansa yana iya fashewa. Mai waldar da ya san aikinsa sai ya wanke shi da ruwan zafi da omo sau da yawa, ya bar murfi a buɗe, kafin ya taɓa shi.

Mun kwana a Kaduna, washegari muka juyo. A Kano aka yi wankin ciki. An cire famfo tukuna, domin tsami yana cin irin ƙarfensa. Aka zuba notuna 20 ƙidayayyu da ruwan omo mai zafi, aka yi ta girgizawa, aka ƙirga su 20 suka fito. Sannan aka cika shi da ruwan khal ya kwana biyu, aka zubar, aka ɗauraye da ruwan kanwa don kashe tsamin. Daga nan sauri ake yi, domin ƙarfen da aka wanke yana sake yin ja cikin mintuna. Aka shanya shi a rana baki a buɗe, da ya bushe aka kewaya cikinsa da ɗan fetur gauraye da bakin mai.

Wajen ɗorawa, robobi sababbi muka sa, aka shafa musu ruwan sabulu, ba giris ba, don giris yana lalata roba. Ana tura tanki gaba har kunnuwa su haɗiye robobin, sannan a sauke baya. Aka juya kan babur hagu da dama har ƙarshe, babu inda ya taɓa tanki. Aka duba wayar totur ba ta danne ba, sabon tiyo ya gangara zuwa kafireta babu lanƙwasa, da ƙaramar matata a tsakani. Lita ɗaya muka fara zubawa: da famfo a ON bai zubo ba, a RES, wato man ajiya, ya zubo, alamar gajeren bututun famfon yana aiki, dogon kuma mai bai kai bakinsa ba.

Muka fita gwaji hanyar Wudil. Bayan ƴan kilomitoci injin ya fara shaƙewa, ya mutu. Bakanike bai taɓa fulogi ba, murfin tanki ya buɗe, muka ji iska ta shige fuu. Ƙaramin ramin numfashi da ke cikin murfin ne tsatsa ta toshe, mai ya kasa sauka. Ya zare silin waya ɗaya daga tsohon kebur ya sokale shi, ya hura ya ji iska ta wuce, ya mayar. Bugu ɗaya ya tashi, muka ƙarasa gadar Wudil muka juyo, ƙasan tankin a bushe.