Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: "Ta Yaro Kyau Take"

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baba, Allah Ya jiƙansa. A 2002 ne, ina da shekara 16. Ranar sadakar bakwai Baffa ya karɓi takardun gidanmu na Tudun Wada daga hannun Inna, ya naɗe su a baƙar leda, ya zura a aljihun babbar rigarsa. Na ce, "Baffa, ko a bar wa Inna ajiyarsu?" Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ta yaro kyau take, ba ta ƙarko."

Amma wata biyu ba a yi ba, da hatsi ya ƙare, shi dai Baffan ya kira ni zaure ya ce ai ni ba yaro ba ne yanzu, in ajiye boko in nemi abin yi. Na koma dako a Kasuwar Barci, ina sauke dilolin gwanjo har kafaɗata ta yi kanta. In ana maganar ciyar da ƙannena, ni magidanci ne. In na tambayi kuɗin hayar shaguna biyun da ke jikin gidan, sai a ce ta yaro kyau take.

Sai da na girma na san cewa a 2003 Najeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara, wadda ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne. Jihar Kaduna ba ta yi tata ba sai 2018, lokacin El-Rufa'i. Ranar da na ji a rediyo ina shagona, ƙanwata ce ta faɗo min a rai. Tana 15 Baffa ya aurar da ita, kuma ba wanda ya ce ta yarinya ba ta ƙarko. Ko kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 29 da ke maganar barin zama ɗan ƙasa, ya sa 18 ce cikar hankali, sannan ya ce matar da ta yi aure ana ɗaukar ta cika. Wannan gurbin ne ya tayar da ƙura a majalisar dattawa a 2013.

Ni ba boko kaɗai na riƙe hujja ba. Malaminmu na zaure ya karantar da mu cewa a mazhabar Malikiyya, in alamun balaga ba su bayyana ba, shekara 18 ce iyaka. Ya kuma biya mana aya ta 6 a Suratun Nisa'i: a jarraba marayu, in sun isa aure aka ga hankali tare da su, a miƙa musu dukiyarsu. A jarraba, aka ce. Baffa bai taɓa ba ni ko naira ɗari ya ga yadda zan juya ta ba.

A zaɓen 2007 da kansa ya tashe ni da asuba mu je layi, ina 21. A hanyar dawowa na sake tayar da maganar takardu, cikin ladabi, kaina a ƙasa. Ya tsaya ya gyara hula ya ce, "Kai har yanzu ba ka san ta yaro ba?"

Na haɗiye. A daren Inna ta ce in je in sami Gwaggo a Rigasa, ita kaɗai yake jin nauyi. Yadda muka yi da ita, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.