Jirgin da ke tafiya da iska

Mu nan gefen kogin Haɗeja gora muka sani, sai injin ga mai hali. Ciyawar kachala ma ta cinye hanyoyin ruwan, ina jirgi mai yadi, wanda iska ke bugun yadin ta tura shi, zai samu filin juyawa? Amma ni kam ba na gajiya da kallon su a waya.

Irin wannan jirgi ba ya fuskantar iska kai tsaye. Sai dai ya karkace kamar digiri 45, ya yi dama, ya juyo hagu. Abin da ya fi burge ni 'yan zaruruwan ulu ne da suke liƙawa a jikin yadin, ciki (ɓangaren da iska ke bugowa) da waje. In duk sun miƙe sambal, ɗaurin ya yi. In na ciki ya fara rawa, a ƙara jan igiyar yadin. In na waje ne, a sassauta. Masu tsere idonsu na kan zaren nan.

Kula da jirgin kuwa, kusan irin tamu ce. Rana tana cin igiyar leda, a teku ko a Haɗeja. Su masu jirgin yadi suna wanke gishirin teku da ruwan daɗi, suna duba wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sandar tsakiya mai ɗauke da yadin ko sun fara tsinkewa. Mu tsumma da kwalta muke toshe kwale-kwale da su kafin ruwa ya kawo.