Kwaɗo yana kulle, gas ya tafi

Laraba, Gombe.

Ko addu'ar bayan sallar asuba ban gama ba wayar direba ta shigo. "Alhaji, ka zo ka gani da idonka." Duk ranar da ya ce in zo in gani, na san aljihuna zai ji a jikinsa.

Jiya da la'asar muka zuba wa babbar motata gas lita 200, da nufin yau da sassafe ta yi lodin masara a Tudun Hatsi ta kama hanyar Bauchi. Ta kwana a wani fili bayan gidan mai, yaron mota a ciki. Da na iso, tanki na fara dubawa. Kwaɗo yana nan daram. Sati uku ke nan da na sa mai walda ya ɗora wa murfin marfin ƙarfe, na sayi kwaɗo mai nauyi, ina ta yi wa abokai burga. Direba ya buɗe, ya zura sandar da muke awo da ita, don geji ya daɗe da mutuwa. Ya zaro ta: jiƙon bai wuce yatsa huɗu ba.

Allah Ya yafe mini, yaron na fara kallo. Kwaɗo lafiya, ƙofa a kulle, shi kaɗai a wurin, wa za ka zarga? Ya ce, "Wallahi Alhaji sanyi ne ya sa na ɗage gilas na kulle ƙofa, ban ji komai ba." Muryarsa tana rawa. Ban tanka masa ba, kuma shirun nan ya fi zagi.

Bakanikenmu ne ya raba gardama. Ko kallon kwaɗon bai yi ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Can ya ce, "Alhaji, tattare rigarka ka durƙuso." A gindin tankin akwai wani noti da ake kwancewa in za a zubar da ruwa da dattin da suka kwanta a ƙasa. Duk tankin ya yi ƙura, amma kan notin yana ƙyalli, ga sabon sawun sifana. Yashin wurin ya yi baƙi da gas, ga kuma shatin gindin jarkoki a jere, na ƙirga shida. Sun kwance, sun tara, sun cika, sannan suka mayar da notin suka ɗaure tsaf. Ɓarayi masu ladabi.

Bakaniken yana goge hannu yana karanta mini. Ya ce kwaɗo na masu tiyo ne, waɗanda ke zura shi su zuƙa da baki su cika galan su gudu. Wanda ya zo da niyya kuwa, in bai bi ta noti ba zai cire mazaunin geji a saman tanki, ko ya zare tiyon da ke kai mai inji. Mafi mugunta shi ne mai huda tankin, ka yi asarar gas, ka koma neman mai waldar alminiyam. Ƙaramar mota ta fi rufin asiri, tankinta a ɓoye, wuyansa siriri. Tankin babbar mota kuwa yana rataye a gefe, tsirara, bakinsa hannu ma zai shiga.

Direba ya ce kwaɗon ne ma ya jawo su, wai alama ce ta akwai kaya. Ban yarda ba. Ɓarawo ƙwanƙwasa tanki kawai zai yi ya ji ko cike yake. Kuma ban manta ba, kafin kwaɗon nan kusan duk tafiya sai jarka guda ta yi ƙafa a wurin tsayawa cin abinci, yanzu wannan ya ɗauke. Da can da gas yake kusan naira 300 ba mai wahalar da kansa haka. Tun da ya yi tashin gwauron zabo a 2022, daga baya lita ta haura dubu, kowane tanki ya zama asusu. Masu saye kuma ba sa tambaya: ga injin niƙa, ga janareta, ga 'yan bumburutu.

Kulle ƙofar kuwa, gas bai tsare ba, amma da na yi tunani na gode Allah da yaron bai farka ya leƙo ba. Masu ɗaukar jarka shida cikin dare ba sa zuwa ba makami.

Mai walda ya yi wa notin ɗan kejin ƙarfe. Na ci bashin gas, mota ba ta bar Gombe ba sai bayan azahar, mai masara yana ta ƙorafi. Daga yau a garejin mai maigadi za ta riƙa kwana, kuma sai da safe za a sha mai.

Kafin su tashi na kira yaron gefe na ce, "Ka yi haƙuri, ɗana." Ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Na danƙa masa kuɗin abinci.

Yanzu direba ya kira, sun wuce Alkaleri. Uwargida kuma ta rataye rigata a waje, ta ce da warin gas ɗin nan ba za ta kwana mata a ɗaki ba.