Abin da Tsaron Ƙofar Zauren Kiɗa Ya Koya Mini

Aikina a nan Jidda shi ne duba tikiti da raka mutane kujerunsu a wani zauren kiɗa. Da rana karatu, da dare in tsaya bakin ƙofa. Kakana daga Kano ya zo aikin Hajji ya zauna, don haka kiɗan da na tashi da shi na biki ne: a buga, a yi guɗa, a yi liƙi. Irin wanda makaɗa ke zama jere, kowa da takarda a gabansa, jama'a kuma tsit, a wurin aiki na san shi.

Abin da aka fara koya mana shi ne hana shiga. Da jagoran makaɗa ya ɗaga sanda, ƙofa ta rufe ke nan sai an kai gaɓa. Wani dare na tare wani dattijo Bahaushe ɗan Makka, ya ce, "Haba ɗana, ga fa tikitina a hannu." Na ce, "Baba, a ƙara haƙuri, yanzu za su numfasa." Sai daga baya na gane hikimar dokar. Sabon kiɗa yakan sauko ƙasa-ƙasa har ka ji izgar baka tana gogar tsirkiya, kuma takun takalmi ɗaya ya isa ya ɓata abin da mutum ya yi watanni yana tsarawa. Shirun da jama'a ke yi, shi ne nasu aikin a cikin kiɗan.

Inda na fi ƙaruwa shi ne gwajin la'asar, lokacin da zaure ba kowa sai mu masu jera takardu. Maƙaman Larabawa, wato tsarin hawa da saukar muryoyin kiɗansu, irin su rast da bayati, suna da muryoyin da ke faɗawa tsakanin madannai biyu na piyano. Piyano ba ya iya fitar da su, amma ud (garayar Larabawa) da ƙanun (akwatin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa) da goge suna iyawa. Duk mai son haɗa su sai ya san inda zai saki piyano da inda zai sa shi ya yi shiru. Na tsaya kusa da mai ƙanun, ina kallon hannunsa na hagu yana ɗaga ƙananan ƙarafan gefe yana saukewa a tsakiyar kiɗa, na dama kuma bai tsaya ba. Ga masu ganga suna fama da yadda za su shigar da bugun gargajiyar Saudiyya irin su samri ko majrur na Ɗa'ifa ba tare da sun danne masu goge ba. Layi ɗaya sai a yi ta maimaita shi har Magariba ta gabato. Tun lokacin, in na ji an ce wai kiɗan Turawa ne kawai aka kwafo, sai in yi musu.

Saudiyya ta yi nisa a harkar kiɗa cikin sauri. An kafa Hukumar Kiɗa a 2020, ƙungiyar makaɗa ta ƙasa ta yi wasa a Faris a 2022 da New York a 2023. A Afrilun 2024 aka nuna opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, na Zarƙa'ul Yamama a Riyad, labarin matar nan mai hangen nesa da ta gargaɗi mutanenta suka ƙi ji. Da Larabci aka rera, Basaudiye ne ya rubuta baitocin, amma ɗan Ostireliya ne ya tsara kiɗan. Ban ga laifi a nan ba, sai dai ya nuna mini inda giɓin yake. Mai tsara kiɗa ba ya ƙwarewa a ɗaki shi kaɗai. Dole ya ji abin da ya rubuta a gaban mutane, ya ga inda suka nutsu da inda suka fara duba waya.

Daga ƙofa kuwa ina ganin komai. Daren da aka kawo babban suna daga waje, tikiti ya ƙare tun da wuri. Daren yaran gida, kujeru ne ke kallon makaɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abokaina da ke kirana, "Ɗan'uwa, shigar da mu ta baya mana." Mu da ba ma barin makaɗi ya bar gidan biki hannu rabbana! Tikitin nan shi ne liƙin wannan zaure. Masu guje wa kiɗa saboda addini ina girmama su, ba da su nake ba. Da masu kwana da abin sauraro a kunne nake.

Yanzu daren hutuna nakan yanki tikiti da kuɗina in zauna. Kwanan baya na tafi da ƙanwata. Kiɗan tsakiya bai yi mata ba, ta ce kamar ana jan ƙofa. Da aka tashi, matashin da ya tsara shi yana tsaye yana gaisawa da mutane, ta je ta faɗa masa cikin ladabi. Ya zaro alƙalami ya tambaye ta daga wane wuri ta fara gajiya, suka tsaya suna magana har aka fara kashe fitilu.