Ranar da na caɓar da shinkafa da gangan

Talata, 14 ga Janairu, 2025, Laknau

Na tashi da asuba da mura mai nauyi da ciwon maƙogwaro, kuma da na leƙa ta taga bayan na idar da sallah ban iya hango ko bishiyar da ke bakin ƙofa ba, saboda hazo ya rufe unguwar gaba ɗaya. Hazon arewacin Indiya ba irin namu na hunturu ba ne mai ƙura da busar da leɓe, shi mai laima ne, yana shiga cikin bargo ya sanyaya ƙashi. Ban je makaranta ba, kuma har ƙarfe goma ban sa komai a bakina ba sai ruwan zafi da citta, domin duk abincin da na tuna sai in ji zuciyata tana tashi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya matar mai gidan da nake haya ta hawo sama ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, wai ta ji tarina tun cikin dare. Ina kiranta Anti kamar yadda sauran ɗalibai suke yi, ita kuma tana ce mini beti, wato 'yata. Da ta ji ban ci komai ba sai ta ce yau ba ranar zama da yunwa ba ce, domin a wurinsu ranar Makar Sankranti ce, bikin da mutanen jihar Uttar Pradesh suke kira da sunan abincin da ake dafawa a cikinsa, wato kiciri, wanda suke rubutawa khichdi. A ranar suna ba da sadakar ɗanyar shinkafa haɗe da wake, kuma a garin Gorakhpur akan yi babban taro mai ɗauke da wannan suna a wurin bautarsu. Ta san ba na cin abin da aka keɓe don ibadarsu, kuma ba ta taɓa matsa mini a kan haka ba, saboda haka ta ce in kawo tukunyata ta tsaya a kaina in dafa nawa da hannuna. Nasu na biki da baƙin wake ake yi, wanda suke kira urad, amma ta ce ya yi wa cikin marar lafiya nauyi, ni mung ya dace da ni.

Mung ɗan ƙaramin wake ne kore, wanda idan aka ɓare shi aka cire ɓawon sai ya koma rawaya, ƙwayarsa ba ta fi ta dawa girma ba. Ina da rabin leda da na saya tun watan jiya ban san yadda zan yi da shi ba. Na auna rabin kofi na shinkafa da rabin kofi na mung, na wanke su tare har sau uku sai da ruwan ya daina yin fari, sannan na jiƙa su na kusan minti ashirin. A nan ne aka kira Anti a waya ta sauka ƙasa, bayan ta gaya mini in zuba rabin ƙaramin cokali na kurkum da gishiri, in sa ruwa kofi huɗu, in rufe tukunyar in ƙirga fito huɗu.

Kusan kowane gida a ƙasar nan yana da tukunyar nan mai murfin da ke kullewa, wadda tururi ke taruwa a cikinta har ta yi fito, kuma matan Indiya ba da minti suke auna dahuwa ba, da yawan fiton suke aunawa. Na saba da ita yanzu, duk da cewa a watannin farko nakan tsaya daga bakin ƙofar kicin don tsoron kada ta fashe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yawan ruwan. Kofi huɗu a kan kofi ɗaya na hatsi ya saɓa wa duk abin da aka koya mini tun ina 'yar shekara goma sha biyu, domin a gidanmu yarinyar da shinkafarta ta caɓe sai ta sha faɗa da gori, kuma garau-garau sunansa ma ya nuna yadda ake son ƙwayar shinkafa da ta wake su tsaya kowace daban. Sai na ce a raina wataƙila ban fahimci Turancinta ba ne, na zuba kofi biyu kawai.

Bayan fito na huɗu na kashe wuta na jira tururin ya sauka da kansa, domin buɗe irin wannan tukunya da gaggawa yana iya ƙona fuska. Da na ɗaga murfin na ga shinkafa rawaya, a warware, kowace ƙwaya a tsaye, har na ji daɗi a raina cewa na gyara abin da aka so a ɓata. Anti ta dawo ta leƙa, ta sa ludayi ta ɗebo ta karkata shi, abincin ya ƙi zuba, sai ta yi dariya har tana dafa bango. Ta ce, "Beti, wannan ai abincin baƙi kika dafa, wa zai ba marar lafiya wannan?" Ta sa na tafasa ruwa kofi biyu na ƙara a kai, na mayar da tukunyar kan wuta ba tare da murfi ba, ina juyawa ina danne ƙwayoyin da bayan ludayi har kusan minti goma. A hankali waken ya narke ya ɓace, shinkafar ta saki jikinta, abin ya koma kamar faten tsaki mai ɗan kauri. Hannuna yana juyawa, amma zuciyata tana ganin ɓarna nake yi.

Na ɗanɗana a wannan mataki na ji lami, ba komai sai gishiri da ɗan ɗacin kurkum, kuma da a nan aka tsaya da na ci gaba da ganin kiciri a matsayin abincin asibiti, kamar yadda na daɗe ina yi masa kallo. Ashe sauran aikin yana cikin wani ɗan ƙaramin kasko mai dogon hannu da Anti ta hawo da shi. Ta sa na zuba babban cokali ɗaya na man shanu soyayye, wanda suke kira gi kuma bai bambanta da namu ba sai dai su ba sa soya shi da albasa. Da man ya yi zafi na jefa ƙaramin cokali na jira, ƙwayar da Larabawa suke kira kammun, nan take ta fara tsalle tana ƙara. Anti ta ce in bi da kunnena da hancina, domin tsakanin soyuwar jira da ƙonewarsa bai wuce 'yan daƙiƙu ba, kuma idan ya yi baƙi sai dai a zubar a sake. Na ƙara busasshen barkono guda biyu da yankakkiyar ɗanyar citta, sannan ita da kanta ta barbaɗa ɗan mitsitsin hing, wani garin ƙaro mai wari sosai idan yana ɗanye, wanda da zarar ya taɓa mai mai zafi sai warin ya juye ya zama ƙamshi mai kama da na tafarnuwa da albasa. Na juye kaskon duka a kan tukunyar, ta yi cuu, ta ce in rufe da sauri kada ƙamshin ya gudu. Wannan soyen suna kiransa tarka, kuma ko da hancina a toshe yake sai da na ji shi.

Muna jiran ya ɗan huce ta gaya mini cewa a wurinsu kiciri yana da abokai huɗu, kindirmo da man shanu da acar da papar. Acar shi ne mangwaro ko lemun tsami da aka tsuma cikin mai da yaji, papar kuwa wata siririyar waina ce busasshiya ta garin wake da ake gasawa ta yi ƙaras-ƙaras. Ta hana ni kindirmo saboda mura, abin da mahaifiyata ma za ta yi, amma ta kawo mini papar biyu da cokali ɗaya na acar ɗin mangwaro da ta haɗa tun bazara. Ta ce da wannan abinci ake fara ciyar da jarirai a gidaje da yawa, shi ake ba tsoho da haƙora suka zube, kuma shi mace take dafawa ranar da ta gaji da girki. Na tuna cewa Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Delhi a ƙarni na 14, ya ambaci yadda mutanen ƙasar suke dafa mung da shinkafa su ci da man shanu da safe, har ya kawo sunan abincin. Na gaya mata haka, ta ce ita ba ta san shi ba, amma kakarta ma haka take yi.

Na zauna a kan tabarma kusa da na'urar ɗumama ɗaki na ci da cokali. Abincin yana wuce maƙogwaro ba tare da ya kankare shi ba, ga ɗumi, ga ƙamshin man shanu, kuma duk loma uku ko huɗu sai haƙori ya ci karo da ƙwayar jira ko hancina ya buɗe da yajin acar. Na cinye kwano ɗaya na ƙara rabi, na yi gumi, sannan na yi barci har la'asar. A ganina citta ta yi kaɗan, kuma nan gaba zan sa attarugu ko da Anti za ta ce na lalata shi.

Da magariba na kira Umma, lokacin a gida rana ba ta daɗe da karkatawa ba tunda mun riga su da awa huɗu da rabi. Na juya mata kyamarar waya ta ga ragowar da ke cikin tukunya, wanda ya riga ya daskare ya yi kauri kamar tuwon shinkafa. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta tambaye ni ko ciwon ne ya hana ni tsayawa a kan girkin har ya zama haka. Na ce mata da gangan na yi, kuma wata dattijuwa ce ta tsaya a kaina sai da ya caɓe. Ta ce Allah ya ba ni lafiya, ya saka wa matar da alheri, amma idan na dawo gida kada in kuskura in dafa wa Abba wannan. Ragowar na sa a firji, Anti ta ce gobe da safe in ƙara masa ruwan zafi kafin in ɗumama.