Ni da allurar sukari a zafin Damagaram

Shekara 11 kenan ina tsira wa kaina allura safe da dare, tun ina ɗan shekara 19 lokacin ina koyon ɗinki a Zango. Abin ya faro da ƙishirwa wadda ko randa na shanye ba ta tafiya, fitsari sai in tashi sau biyar sau shida cikin dare, ga rama har wando ya daina zama a ƙuguna. A gida aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe, sai da na kai ga amai da numfashi sama-sama aka kwashe ni zuwa likita. Can lokotoro ya ce diyabet ce, wato ciwon sukari, irin wadda jiki ya daina yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, kwata-kwata, ƙwaya ba ta yi mata sai allura.

Tsira allurar ba ita ce wahalar ba wallahi, cikin wata guda hannu ya saba, yau ciki gobe cinya, don in ka nace wa wuri ɗaya sai ya yi ƙulu kuma maganin ya daina shiga daidai. Inda ake yin ta shi ne ajiya. Kwalbar insulin da ba a buɗe ba firigo take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuma kamar kwana 28 take yi in ba ta sha zafi ba, to mu nan watan Afrilu da Mayu zafi ya wuce 40, ga kuran, wato wutar lantarki, yau akwai gobe babu. A 2023 da aka rufe boda kuran ya yi wuya sosai, na taɓa kwana uku ina allura sukarina yana ta hawa, ina ta zargin tuwo ashe kwalbar ce ta lalace a firigon da ya huce. Inna ce ta samo dabara, Allah ya saka mata. Ta kawo tukunyar ƙasa babba ta sa ƙarama a ciki, ta cika tsakaninsu da rairayi ta jiƙa, muka rufe da tsumma mai danshi a inuwar zaure inda iska ke bugawa. Ba ta kai firigo ba amma tana rage zafin sosai, kullum safe da la'asar nake ƙara ruwa ko da garuwa ta yi tsada. Kar dai mutum ya ce bari in ɗora kan ƙanƙara, in ta daskare ta tashi aiki ita ma.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro har gobe shi ne faɗuwar sukari, kuma shi ne mutanenmu ba su sani ba, kowa in ya ji ciwon sukari abin da ya sani kawai a hana ka zaƙi. Shekaruna na farko ɓoyewa nake, ko a shago ba wanda ya sani, kunya nake ji kar a ce yaro da ciwon tsofaffi. Wata Alhamis gab da babbar Sallah ɗinki ya yi mana yawa, na yi allurar safe na ce zan karya in na dawo, na taka da ƙafa zuwa kasuwar Dole sayen zare da shafi. Ina tsaye gaban mai zare zufa mai sanyi ta keto mini, hannu na rawa, kuɗin da ke hannuna na kasa ƙirgawa, harshe ya yi nauyi, an ce har faɗa na fara yi wa bawan Allah ni ban ma sani ba. Mutane suka taru, wani ya ce aljanu ne a tofa masa, wani ya ce ƙwaya ya sha. Wata baba mai fura ce ta ture su, ta ce mijinta haka yake yi, ta dama sukari a ruwa ta ba ni tun ina iya haɗiya. Ta ce ɗan nan sha, sha duka. Minti kamar 15 na dawo hayyacina ina zaune a ƙasa riga sharkaf.

Ranar na daina ɓoyo. Na tara yaran shago na gaya musu in kun ga ina zufa ina surutai ku ba ni sukari ƙwaya 3 ko jus, in kuma na suma kar ku ɗura mini komai a baki, ku kwantar da ni ta gefe ku nemi mota zuwa likita. Aljihuna ba ya rabuwa da sukari da dabino, da ƴar takarda mai lambar ƙanina. Na'urar awon sukarin jini in ta nuna ƙasa da 0,70 ba na jira in ƙarasa wuyan riga, tashi nake. Matsalar dai tsinken awon tsada ne da shi a farmasi, wani watan sai in riƙa lissafi, na safe dole, sauran sai in jiki ya ba ni alama, kuma na san ba haka ya kamata ba.

Azumi kam sai da na yi kuka. Shekara biyu ina dagewa ina karyawa da azahar, daga baya na zauna da lokotoro na zauna da malaminmu, duk bakinsu ɗaya, mara lafiya Allah ya yi masa sauƙi, yanzu ciyarwa nake. Masu cewa ƙato da kai ba ka azumi suna nan, na bar musu. Wurin biki ma in an turo faranti da alkaki ɗan gutsure nake ɗauka saboda kar a ce na raina, shayin majalisa kuwa nawa ake fara zubawa kafin a sa sukari.

Jiya ma ina kan keken ɗinki wajen ƙarfe 11 ƙaramin yaron shagon ya tsaya yana kallon goshina, ya ce maigida ka karya kuwa? Na ce na karya. Bai yarda ba sai da ya je ya buɗe kwanon ya gani.