Abin da zan tafi da shi daga ajin bayoloji

Ƙarshen zangon nan zan bar sakandaren da nake koyarwa a karkarar Jigawa, amma akwai abin da har yau yake ci mini rai.

Maikuroskof ɗaya gare mu, kullum yana kulle a kabad ɗin shugaban sashe. Da kyar na karɓo shi, na sa 'yan SS1 suka ɗebo ruwan kududdufin bayan gari. Muka ɗiga, suka ga amiba, wata 'yar mitsitsiyar halitta mai ƙwaya ɗaya tal, tana miƙa jiki tana jan kanta. Littafinsu ya ce nukiliyos, wato ɗan dunƙulen da ke cikin ƙwayar halitta, shi ne shugabanta, su haddace, shi ke nan. Ni kuwa na ce musu in aka raba amiba biyu, ɓarin da ba nukiliyos yakan yi kwanaki da rai, amma ba ya hayayyafa, sai ya mutu. Shi ma nukiliyos, in ba saitofilazam, wato ruwa mai kauri da ke cike da ƙwayar, a kewaye da shi, ba abin da zai tsinana.

Na kawo musu aikin Bajamushen nan Joachim Hämmerling na shekarun 1930 a kan Acetabularia, gansakukar teku mai ƙwayar halitta ɗaya tal, mai kara da hula, nukiliyos ɗinta a can gindi. Ya yanko karan wani iri ya dasa a gindin wani irin mai hula daban. Hular farko ta fito tsaka-tsaki, domin saƙon tsohon nukiliyos yana nan cikin karan. Da ya yanke ta, ta biyu ta fito sak irin ta gindin. Sai 1961 aka tabbatar da mRNA, sinadarin da ke kai irin wannan saƙo daga nukiliyos. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe auren mangwaro ne, sai dai nan gindi ke rinjaye." Wallahi ta gane.

Ana haka shugaban sashe ya shigo. A gaban yara ya ce, "Malam, wannan a wace manhaja ka gani?" Ya ɗauke maikuroskof, ya rubuta a rahotona cewa ina ɓata lokacin ɗalibai. Ban tanka ba, ya girme ni. Amma ban manta ba, kuma ban ga laifina ba.

Sauran darussan ba su da yawa. Duk kayan da za ka ara, nemi izini a rubuce. Kada ka jira a yaba maka. Wanda zai gaje ni kuma ya ɗebo ruwa daga ƙasan kududdufi, wajen ruɓaɓɓen ganye, can amiba ta fi yawa.